Lahadin da Hoton Dodo Ya Ɗauke

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Kasuwar Malam Atta a Accra, ina da wani aiki na biyu da ba a biyana ko sisi a kansa. Duk ranar Lahadi bayan la'asar ni ne mai kunna wa mahaifina bidiyo, ya kalli dodanninsa. Ko ina da takardun yara da zan duba, ko kaina na ciwo, wannan bai shafe shi ba. Da ya dawo daga masallaci zai zauna a kujerarsa ya ce, "Tica, bismilla."

Mahaifina wanzami ne, gadon iyaye da kakanni. A cikin sa'annina maza na unguwannin Nima da Maamobi da wuya ka sami wanda bai bi ta hannunsa ba. Askin suna, kaciya, ƙaho, duk shi ake kira. Mutum ne mai kamun kai, ba ya zaman benci, ba ya dogon surutu. In ya rataya zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake a ciki, ya fito layi, har samarin da ke musun ƙwallo sukan rage murya sai ya wuce. Amma wannan dattijon da kowa ke shakka, da an saka masa fim ɗin dodo sai ya koma ɗan shekara goma.

Kuma ba kowane dodo ba. Nasa su ne tsofaffin nan na baƙi da fari, waɗanda ya fara gani yana saurayi a wata silima marar rufi, inda ya ce in ruwa ya sauko sai kowa ya ɗora kwali a ka a ci gaba da kallo. Kaset huɗu gare shi. Wanda ya fi so shi ne na wani ƙaton abu da yake fitowa daga teku ya bi gari yana tattake gidaje. Ni kuwa a lokacin ina ji da ɗan bokona, ina ganin na wuce wannan wasan yara. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan fa roba ce. Mutum ne a ciki, ga ɗinkin ma ana gani a bayansa."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Na san roba ce, Tica. Kai ka iya ɗinka ta?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Kallo da shi ba kallo ba ne, karatu ne. Ya haddace fina-finan nan tas, don haka shi yake gaba, fim na biye. "Yanzu zai ɗago kai. Ka gani? Ka ga idonsa?" Yana yi yana nuni da yatsa, yana dukan gwiwa, yana yi wa sojojin cikin fim faɗa a kan ɓata harsashi. Mahaifiyata in ta zo wucewa da kwano takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan dodo dai, kowane Lahadi ya mutu, kowane Lahadi ya tashi. Allah Ya ba shi haƙuri da ku."

A makon da nake ba ku labari, matar abokina ta haifi ɗa namiji ranar Laraba. Abokin nan tare muka tashi, gida ɗaya ne tsakaninmu. Ranar Asabar ya zo da goro ya durƙusa gaban mahaifina, da irin Hausarmu ta Zongo, wato unguwannin Hausawan Accra, da ba ruwanta da bambance mace da namiji, ya ce, "Baba, matana ya ce mu kai yaro asibiti a yi kaciya, na ce a'a kwaraa, sam ban yarda ba. Kai ka yi ma ni, kai za ka yi ma yarona."

Mahaifina ya karɓi goron, ya sa albarka, ya ce Allah Ya kai mu Laraba. Ina tsaye a wurin, ban ji komai a raina ba sai daɗi.

Washegari Lahadi na kunna masa na tekun nan kamar kullum. Muna cikin kallo, dodo ya riga ya shigo gari, sai hoton ya fara rawa. Layuka suka ratsa shi, sannan ya ɗauke gaba ɗaya, ya koma yayyafin nan fari da baƙi da talabijin ke yi in tasha ta rufe. Sauti kuwa yana nan garau. Duk wanda ya yi zamani da bidiyon kaset ya san wannan: datti ne ya taru a ciki, sai a buɗe a goge da ƙyalle. Na yunƙura ke nan zan tashi, sai na ji mahaifina ya daki gwiwa.

"Kai! Dubi yadda ya ɗaga motar nan kamar kwandon tumatir!"

Na yi dariya, na ɗauka tsokanata yake yi. Na juya na dube shi. Ba tsokana ba ce. Fuskarsa cike take da murna, idonsa a kan talabijin, yatsansa a miƙe yana nuna yayyafi.

"Ka ga matar can mai gudu da takalmi ɗaya? Ka gan ta?"

Na koma na zauna a hankali. Na ce, "Na gan ta, Baba."

Haka na zauna har fim ya ƙare, ina kallon yayyafi, shi yana ba ni labarin abin da ke faruwa a ciki, bai kuskure ko wuri ɗaya ba. A zaunen nan abubuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe da daina buɗe Alƙur'ani, da ka yake karatu. In ya shigo lungun gidanmu hannunsa na kan bango. Ba ya kiran sunan baƙo sai baƙon ya yi magana. Ya daina bi ta katakon da aka gitta a kan babbar kwata, sai ya zagaya ta titi, wai motsa jiki yake yi. Duk na ga waɗannan da idona, ni mai ido, kuma mai koya wa 'ya'yan mutane lura.

Na sami mahaifiyata a madafa tana tuƙa tuwo. Na ce, "Mma, Baba ba ya gani."

Ba ta tsayar da muciya ba. Ta ce, "Sai yau ka sani?"

Ashe ita ta fi shekara da sani. Ita take jera masa asake a zabira kowace safiya, kowace a gurbinta. Ita take zaɓa masa riga da hula. In baƙo ya yi sallama sai ta ɗaga murya ta gaishe shi da sunansa, don mai gida ya ji ko wane ne. Ta ce yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum in ya gitta, aski kuma da lalube yake yi, hannunsa ya san kan kowa a unguwar nan.

Na ce, "Kaciya fa?"

Nan ta ajiye muciya. Ta ce watanni ke nan tana tare masu zuwa neman kaciya tun a bakin ƙofa. Wani ta ce masa mai gida ba ya jin daɗi, wani ta ce zai yi tafiya, ta tura su wani wuri. Shi kuma yana ta mamakin yadda mutanen yanzu suka koma asibiti. Abokina ne kawai ya zo tana kasuwa, ya same shi kai tsaye.

"Sau ɗaya na yi masa maganar idon nan," in ji ta. "Kwana uku bai ci tuwona ba. Ni na yi iyakacin nawa. Kai ne ɗansa."

Ranar Litinin ban san abin da na koyar ba. Hanya biyu nake gani, kuma kowace da ƙaya. In na je na raɗa wa abokina, zai kai yaronsa asibiti, amma kafin azahar Nima ta ji. A Zongo magana ba ta kwana. Za a ce wanzami ya makance yana ɓoyewa, a shiga lissafin yaran da ya taɓa, sunan da ya gina tun kafin a haife ni ya zube a rana ɗaya, kuma a ce ɗansa ne ya tona. In kuma na yi shiru, ranar Laraba zai ɗora aska a jikin jariri ɗan kwana bakwai da idon da bai bambanta dodo da yayyafi ba.

Zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: yinin nan gaba ɗaya shiru na zaɓa. Na yi ta lallashin kaina cewa hannunsa ya san aikin, ya yi shi sau babu adadi, Allah zai kiyaye. Har na fara jin haushin bidiyon da ya lalace ya jawo mini wannan fitina. Da yamma na shiga gidan abokina barka, don ban sami zuwa ba tun haihuwar. Yana ganina ya ɗauko jaririn ya ɗora mini a hannu. Ya ce, "Cale," wato aboki, "riƙe shi mana, yaronka ne." Yaron bai fi nauyin tulin littattafan da nake dubawa ba. Ya buɗe baki ya yi hamma, ya cafke ɗan yatsana. Na miƙa shi da sauri na ce ina da aiki, na fito.

Ranar Talata bayan la'asar na sami mahaifina a baranda yana wasa aska a kan dutse. Yana yi yana gwada kaifin da babban yatsa, yana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa. Ya daɗe bai sami irin wannan aikin ba, kuma murnar ta fito a fuskarsa. Na tsaya a kansa. A gidanmu ɗa ba ya duban ubansa ya gaya masa abin da ya rasa. Ban taɓa yi ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Sai na ji kaina na ce, "Baba, in saka mana dodon nan?"

Ya ɗago. "Yau fa Talata."

"Marmarinsa nake yi."

Ya yi dariya har da tafi. "Allahu akbar! Tica ya tuba." Ya mayar da askar zabira, ya dafa bango, ya shigo ya zauna a kujerarsa.

Ban goge dattin bidiyon ba, kuma da gangan ne. Tun daga farko babu hoto. Kiɗan buɗewa ya tashi, mahaifina ya gyara zama ya fara karatunsa: ga jirgin ruwa, ga masunta, ga teku ya fara tafasa. Na ƙyale shi ya yi nisa. Ba dabara ba ce, tsoro ne. Sai da dodo ya yi gurnanin farko, mahaifina ya miƙa yatsa ya ce in dubi haƙoran nan, sannan na ce, "Baba."

"Na'am."

"Babu hoto."

"Me ka ce?"

"Hoton ya ɗauke tun ranar Lahadi. Yayyafi kawai ke fita."

Hannun da ya miƙa ya tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan ya sauko ya kwanta a cinyarsa. Dodo na ta gurnani, mutane na ta ihu a cikin akwatin talabijin. Ya ce, "Kashe."

Na kashe. Muka zauna. Ina jin mai koko a waje tana kiran masu saye, ina jin mahaifiyata ta daina motsi a madafa.

Can ya ce, "Ranar Lahadi ka ce kana gani."

"Ƙarya na yi, Baba."

"To, mu biyu ke nan." Ya juyo wajena. "Uwarka ta sani?"

"Ta riga ni."

Ya gyaɗa kai. Ya juya tafin hannunsa na dama sama, kamar mai duba wani abu a ciki. Ya ce, "Hannun nan bai taɓa kuskure ba."

"Na sani, Baba."

"Bai taɓa ba."

"Kwanansa shida yau, Baba."

Ya ce in fita in ba shi wuri. Na fita. Ranar bai ci abinci ba, bai kuma yi wa kowa magana ba.

Da safe, ranar suna, na same shi ya yi wanka ya sa babbar riga, zabira a rataye a kafaɗa. Na dubi mahaifiyata, ta kawar da kai. Ya ce, "Zo mu je." Muna fita ƙofar gida, a bainar jama'a, ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Bai taɓa yin haka ba. Na nufi gidan abokina, sai ya matsa kafaɗata ya ce, "Maamobi tukuna."

Gidan wani wanzami ya sa na kai shi, mutumin da na tashi ina jin mahaifina yana kushe aikinsa, wai hannunsa nauyi gare shi kamar na mahauci. Mutumin ya fito da mamaki. Mahaifina bai zauna ba. Ya ce, "Roƙo na zo yi. Akwai yaro a Nima da na yi wa ubansa alkawari. Ɗauko kayanka."

A wurin suna, bayan liman ya yi addu'a an raba goro da dabino, mahaifina ya miƙe. Ya ce, "Jama'a, ku saurara. Idona ya gaji. Ya daɗe da gajiya, ni ne ban yarda ba. Daga yau na ajiye aska. Ga ɗan'uwana nan, shi zai yi, kuma ni na kawo shi." Dattawa suka shiga salati da addu'a. Aka yi wa yaro aski, aka yi kaciya lafiya. Da aka gama aka ɗora wa mahaifina jaririn a cinya, ya shafa kansa da tafin hannu daga goshi har ƙeya, a hankali, ya juya wajen mutumin Maamobi ya ce, "Ba laifi." A bakin mahaifina wannan babban yabo ne.

Babu wanda ya zage shi. Abin da na yi ta tsoro bai faru ba, mutane ma sai suka ƙara ganin girmansa, don shi ya faɗa da bakinsa. Abokina ya ja ni gefe daga baya, idonsa ya yi ja, ya ce, "Cale, ka sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Yoo," wato "to shi ke nan", ya koma wajen baƙinsa. Ba mu sake yin maganar ba har yau.

Mun kai mahaifina asibiti a makon. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin jijiyar idon, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe ɗan hasken da ya rage da magani.

Na goge bidiyon, ya koma aiki lafiya lau, amma watanni suka wuce bai ce "Tica, bismilla" ba. Lahadi bayan la'asar sai ya zauna a baranda da carbi. Bai taɓa yi mini magana mai zafi ba, ko sau ɗaya. Wata Lahadi, ba zato, ya ce in saka masa na tekun nan. Na tashi da rawar jiki na saka. Kiɗa ya tashi. Ya ɗan karkato kai wajena ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Akwai hoto?"

Na ce, "Akwai, Baba."

Ya ce, "To."

Ya saurari fim ɗin har ƙarshe, hannuwansa biyu a kan cinya. Bai yi nuni ba, bai daki gwiwa ba, bai yi wa sojoji faɗa ba. Haka muka ci gaba har Allah Ya yi masa rasuwa bayan wasu shekaru. Duk Lahadi sai ya yi wannan tambayar kafin ya gyara zama, wani lokacin ma ya sake yi a tsakiyar fim.

Yanzu nakan nemi tsofaffin fina-finan nan a waya in kalla ni kaɗai, kuma na daina ganin ɗinkin robar. Ina jin daɗinsu sosai, abin da ban taɓa gaya masa ba yana da rai. Yaron nan kuwa ya girma, ya fi ni tsawo, in mun haɗu a layi yakan rusuna ya gaishe ni, bai san komai a kan wannan labarin ba. In na gan shi ba na nadamar buɗe baki. Da za a maimaita, zan sake faɗa.

Abin da yake damuna har gobe shi ne wurin da na zaɓa na faɗa. Na daɗe ina ɗaukar kallon nan a matsayin yarintar tsoho. Sai daga baya na gane cewa a duk faɗin Accra, gaban akwatin nan ne kaɗai wurin da ya rage masa da yake ganin komai tar, ba ya bukatar bango, ba ya bukatar kafaɗar kowa, shi ne ma yake nuna wa mai ido abin da zai duba. Ranar Talatar nan na same shi a baranda da aska a hannu, kuma a nan maganar take. Da na durƙusa a wurin na faɗa masa, da aska kaɗai zai rasa. Amma bakina ya yi mini nauyi, sai na ja shi ɗaki, na zaunar da shi a kujerarsa, na bar shi ya yi ta nuna yayyafi yana murna, don akwati ya faɗi abin da ni na kasa.

Askar dole ce ya ajiye, wannan babu makawa. Dodon kuwa babu wanda ya nemi ya ajiye shi. Ni na karɓe masa.